Haƙarƙarin Ango

Sana'ata fawa ce. Ubana mahauci ne, ubansa ma haka. Na yi fiɗa a Kano, na yi a wasu garuruwan da ba na son tunawa, daga ƙarshe ƙafa ta kawo ni Kuala Lumpur, inda wani dattijo ɗan ƙasar ya ba ni wuƙa da gefen tebur a kasuwar nama. A saman rumfar nake kwana. Da annoba ta zo aka ja wa kasuwar waya mai ƙaya, aka ce kowa ya nemi inda zai sa kansa.

Wasu ɗalibai biyu da ke sayen tsirena ran Juma'a suka ce in dawo wurinsu a unguwar Wangsa Maju. Na ukunsu ya gudu gida kafin a rufe filin jirgi, ɗakinsa ba kowa. Na ɗauki wuƙaƙena da tabarma na tafi. Hawa na goma sha huɗu ne. Ni ke girki, abin da ya ragu in ƙulla tapau, wato abincin ɗauki-ka-tafi, ɗaliban da ke sauran benayen su sauko su karɓa a bakin ƙofa da takunkumi a fuska.

Ɗaya Injiniya muke ce masa, yana karatun gada da siminti a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak. Wannan na gane karatunsa. Ɗayan kuwa Dakta muke kiransa tun bai zama ba. Malamin jami'a ne daga Zariya, siriri, mai tabarau, matarsa da 'ya'ya uku suna can gida suna jira. Shekararsa huɗu a nan. Hukumar da ta turo shi ta yi masa ƙarin lokaci sau biyu, ta ce babu na uku. Ko dai ya miƙa littafinsa kafin watan Babbar Sallah ya mutu, ko ya koma hannu rabbana ya tsaya gaban ɗaliban da suka raka shi tasha.

Na tambaye shi me yake karanta. Ya ce fim.

Na ce, "Gwamnati ta sa ka a jirgi ka zo kallo?"

Injiniya ya ce, "Baba, ai da kallon kirki ne da sauƙi. Bari ka gani."

Na gani kuwa, domin a kulle ba inda mutum zai kai idonsa. Da hantsi in na ɗora tukunya sai in zauna a falo ina gyaran albasa, shi kuma yana gaban kwamfutarsa. Tsofaffin fina-finai ne na mutanen Sifen, baƙi da fari, wasu ko magana babu. A ɗaya wanzami yana yi wa burodi aski, yana shafa masa kumfa da natsuwa. A wani kuma mutane ne sanye da dogayen huluna masu tsini, fuska a rufe, sun ɗauko bahon wanka a kafaɗa suna zaga gari, wani tsohon alƙali a ciki yana cuɗa bayansa. Ba farko, ba ƙarshe. Dakta ya ce da gangan ne, fim ne da aka gina shi kamar mafarki.

Na ce a unguwarmu wanda ya yi irin wannan mafarki sadaka ake sa shi ya yi, ba a ba shi kyamara.

Bai ji haushi ba. Mutum ne mai son bayani ko ba a tambaye shi ba. Ya ce aikinsa shi ne ya nuna cewa wannan hauka ba daga sama ya faɗo ba, daga ƙasarsu ya tsiro. Masu huluna ɗin nan, haka suke fita da gaske a makon ibadarsu, sai dai gumaka suke ɗauka maimakon baho. Ya ce abu uku ne suka cika kan mutanen: coci, yunwa, da filin wasan sa, inda ake karawa da bijimi. Duk wanda ya tashi a cikinsu, in ya rufe ido su zai gani.

Filin wasan sa ɗin ne ya ja hankalina. Ya nuna min na gaske. Wani ƙato ya fito a matsattsen wando mai ƙyalli kamar na amarya, yana kaɗa wa bijimi mayafi. Kafin ya matso kuwa, an riga an sa wasu a kan dawaki sun sossoke dabbar a doro har wuyanta ya saki. Ni na yi hawan ƙaho ina saurayi, kalangu na tashi, san da ƙarfinsa, ba wanda ya taɓa shi da ko allura, na faɗa tsakanin ƙahonnin na rungume wuyan. Tabon yana nan a cinyata. Na ce wa Dakta wannan na Sifen in ya zo kwata a Kano tumbi za a ba shi ya wanke.

Ya rubuta maganar a gefen takarda. Ban san me ya yi da ita ba.

Akwai fim guda da yake ji da shi fiye da sauran. Gajere ne, kusan ba wanda ya san shi, wani ma'ajin tsofaffin fina-finai ne ya turo masa bayan ya yi ta roƙo. Babi na uku na littafinsa, wanda ya ce shi ne ƙashin bayan aikin, kacokan a kansa yake. Wata rana bayan azahar ya ce in zo in ga wurin da ya fi ƙauna.

Ɗaurin aure ne a coci. Amarya da farin mayafi, limaminsu yana karatu, dangi sun cika benci suna fifita. Ango kuwa nama ne. Gawar dabba ce guda, an feɗe, an cire kai da ƙafafu, an farke cikin, an rataye ta da ƙugiya daga rufin cocin. An yafa mata mayafin mai wasan sa, an ɗora 'yar hularsa a kan dungun wuyan. Amarya ta ɗago kai tana kallonta da so.

Dakta ya tsayar da hoton. Ya ce, "Ka gani, Baba? Bijimin nan shi ne Sifen. Ƙarfinta, mazantakarta. An kashe shi, amma coci ta ce sai an aure shi a haka. Shafi sittin na rubuta a kan wannan bijimin."

Na ce, "Doki ne."

Ya yi dariya. Na ci gaba da yankan albasata.

"Me ka ce?"

"Na ce angon doki ne. Ƙara girman hoton."

Ya ƙara. Na nuna masa da bakin wuƙa. Wuyan ya yi tsawo. Ƙirjin ba shi da faɗin na sa. Cinyar ta yi kumburi, ta dunƙule. Sannan na ce ya ƙirga haƙarƙarin, tunda cikin a buɗe yake yana kallonmu. Sa goma sha uku gare shi a kowane gefe. Doki sha takwas. Na yi shekara biyu a wata mayanka da ba a yanka komai sai dawaki da jakuna. Ba na alfahari da ita, amma hannuna bai manta ba.

Ya sa yatsa a gilashin yana ƙirgawa. Da ya wuce sha uku muryarsa ta ragu. A sha shida ya tsaya ya ce inuwa ce.

Injiniya ya fito daga ɗaki da burushi a baki. Da ya ji abin da ake ciki sai da ya riƙe bango.

"Shekara huɗu! Dakta, shekara huɗu kana yi wa doki kirarin sa!"

"Ka rufe min baki."

"Wallahi ko ni da gadata ta rushe ba zan ji kunya haka ba."

Dakta ya rufe kwamfutar ya shige ɗaki. Ranar bai ci tuwona ba. Washegari ma ya sauka kedai, kantin da ke ƙasan bene, ya sayo taliyar leda ya dafa da kansa, yana juya min baya a kicin ɗin da bai fi tabarma biyu ba. Na ci gaba da girkina. Ni ba ni na yanka dokin ba.

A rana ta uku muna cin abinci ni da Injiniya, sai Dakta ya fito ya tsaya a kanmu. Idonsa ya faɗa. Ya ce ya duba littattafan likitocin dabbobi, lissafina daidai ne. Amma fa, in ji shi, hoton tsoho ne, kuma ƙila shanun Sifen daban suke.

Na ce, "Sa sa ne, ko a Makka aka haife shi."

Injiniya ya ajiye cokali. Wannan karon ba wasa a muryarsa. Ya ce, "Dakta, ka ji shawara. Saura sati biyar. Malamarka ta karanta babin nan sau nawa, ta ce doki? Masu jarraba ka farfesoshi ne, ba rundawa ba. Wa zai zauna ƙirga ƙashi? Ka miƙa abinka yadda yake, ka karɓi takardarka, ka je ka ga 'ya'yanka. Boleh lah, in ji mutanen nan, zai wuce a haka. In ka taɓa babin nan yanzu, duk ginin zai biyo shi."

Dakta ya juyo gare ni. "Baba, kai me ka ce?"

"Ni ba ruwana da littafinka. Ka rubuta raƙumi ma in ka so. Ka tambaye ni nama, na gaya maka."

"Amma in kai ne?"

"In ni ne ba na sayar wa mutum doki in ce sa ne. Na ga waɗanda suka yi. Wasu sun yi arziki."

Ya tsaya yana jiran sauran maganar. Babu saura. Ya koma ɗaki.

Ana haka Babbar Sallah ta zo. An ɗan sassauta kullen, aka yarda a yi layya a masallatan unguwa da mutane kaɗan, kowa da takunkumi, a auna zafin goshinka a ƙofa. Dattijon da nake yi wa aiki ya kira ni ya ce wani ƙaramin masallaci a unguwar Setapak na neman mai fiɗa, shanu uku, in zo da mataimaki ɗaya. Na buga wa Dakta ƙofa na ce ya sa tsohuwar riga.

Ya ce shi bai taɓa riƙe ko ƙafar rago ba. A gidansu mahauci ake kira.

Na ce, "To yau ma an kira shi. Taso."

Mutanen nan suna da tsari, ba zan hana su ba. Sun shimfiɗa leda, sun haƙa rami, kowa da safar hannu, wani tsoho yana ta fesa wa mutane maganin kashe ƙwayar cuta kamar masu kwarkwata. Amma fiɗarsu a hankali take, kamar suna tsoron kada san ya farka. Na gama na farko kafin su gama shawarar inda za su fara na biyu. Da na farke cikin na fitar da kayan, aka rataye shi a ƙarfe, sai na kamo hannun Dakta na cusa shi ciki har gwiwar hannu. Naman da ɗuminsa.

"Ƙirga."

Ya ƙirga da ido a rufe. Sha uku.

"Shafa ƙashin. Yaya yake?"

"Faɗi gare shi. Kamar allo."

"Na angonka fa?"

Ya ce, "Sirara ne. A jere, kusa da kusa."

Daga nan ya zare hannunsa ya ruga bayan masallaci. Amai ya riga shi, bai samu ya cire takunkumin da wuri ba. Tsohon mai feshi ya bi shi da gudu yana tambaya ko zazzaɓi ne, na ce a'a, ilimi ne ke fita. Aka ba shi ruwa da sabon takunkumi, ya zauna a gindin bishiya har muka gama. Da za mu tafi suka ba mu cinya guda da hanta, suka ce mataimakina ma a ba shi nasa kason. Shi ya riƙe ledar a jirgin ƙasa, ya miƙar da hannu nesa da jikinsa, taragon ba kowa sai mu biyu.

Kafin mu kai tasharmu ya ce, "Baba, dawakin nan da ake hawa a soki san. Ka lura an ɗaure musu ido?"

Na ce na lura.

"A zamanin da aka yi fim ɗin nan ko katifar kariya ba a sa musu. Tsofaffin dawakin amalanke ake sayowa, waɗanda suka gama amfani. San ya farke su a gaban jama'a, a ja su waje, a kawo wani. Na karanta wannan tun shekarata ta farko. Na wuce shi, don ba a kansu nake rubutu ba."

Na ce, "To."

"Sa ana tafa masa in ya mutu da kyau. Dokin ko sunansa ba a sani ba. Shi aka yafa wa mayafin, shi aka ɗaura wa amarya."

Na ce, "Ko kuma masu fim ɗin talakawa ne, gawar doki ta fi araha."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce wannan ma zai shiga.

Daga ranar falon ya zama nasa. Ya kira malamarsa ta kwamfuta, wata farfesa 'yar ƙasar mai magana a hankali. Ina kicin ina jin ta. Da ya gama bayani ta tambaye shi ko ya san kwana nawa suka rage. Ya ce ya sani. Ta ce ba za ta iya nema masa ko yini ɗaya ba. Ya ce ya sani.

Ya zubar da shafi sittin ɗin. Sai ga shi babi na huɗu ma ya jingina da bijimin, na ƙarshe ma haka, kamar yadda Injiniya ya faɗa. Yana warware wannan, wancan na kwancewa. Ya daina aski, ya daina wanka sai na yi magana. Ina ajiye masa kwano a gefen kwamfuta, in dawo in tarar ya ci rabi bai san ya ci ba. Wani lokaci ya ƙwala min kira, in zo da ludayi a hannu, ya nuna min wani nama a wani fim ɗin ya ce mene ne wannan. Ya daina yarda da idonsa. Na ce masa wannan alade ne, wannan tunkiya, wannan kuwa ba nama ba ne, tsumma ne aka shafa wa mai.

Injiniya ya daina tsokana. Shi ya zauna ya jera masa sunayen littattafan da ke ƙarshen aikin, yana yi yana zagin mutanen Sifen da dogayen sunayensu. Matar Dakta ta kira ni sau ɗaya, a wayata, ta ce, "Baba, gaya min gaskiya, lafiyarsa ƙalau? Ya ce min wai doki ne ya riƙe shi." Na ce lafiyarsa ƙalau, dokin ma ya kusa sakinsa.

Ya miƙa littafin ana saura kwana biyu. Ya yi barci yini guda cur.

Sai da aka yi wata uku kafin a kira shi kare aikin. Lokacin cutar ta sake tashi, an sake rufe mu, don haka a falo aka yi, ta kwamfuta, da ƙarfe huɗu na yamma saboda ɗaya daga cikin masu jarrabawar yana can Sifen. Dakta ya sa babbar riga da hula, ƙasa kuwa gajeren wando ne da silifa. Ya ce mu biyu kada wanda ya yi ko tari. Injiniya ya kulle kansa a ɗaki. Ni ina kicin, an hana ni daka, an hana ni suya, ga odar mutum tara ta abincin dare tana jira.

Turancina na kasuwa ne, ban kama rabin abin da suke faɗa ba. Na dai ji muryar wani tsoho mai kaushi, yana jan harafi kamar mai kurkure baki, ya yi tambaya doguwa. Na ji Dakta ya ce a ba shi izini ya nuna hoton. Sai na ji yana ƙirgawa da Turanci, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake koya wa yara. Bai tsaya a sha shida ba. Sai da ya kai sha takwas.

Tsohon ya yi wata magana da yarensu, gajeriya, irin wadda mutum ke yi in ya taka ƙusa. Sannan ya fashe da dariya har da tari. Daga baya Dakta ya gaya min cewa mutumin ya ce ya kalli fim ɗin nan ya fi a ƙirga, ya koyar da shi, kuma kakansa ma dillalin dawaki ne. Bayan dariyar kuma ya murtuke ya yi awa guda yana yi wa Dakta ruwan tambayoyi a kan wasu abubuwan daban, har na ji muryar Dakta ta fara rawa.

Suka ce ya fita daga layin su yi shawara. Ya shigo kicin da babbar rigarsa ya tsaya kusa da firji. Na ba shi ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Da kwamfutar ta yi ƙara ya koma da gudu, silifa ɗaya ta tsaya a ƙofa.

Ya ci jarrabawar. Sun ba shi gyare-gyare na wata ɗaya, akasari waƙafi da sunayen da Injiniya ya rubuta ba daidai ba.

Injiniya ya fito yana ihu, maƙwabcinmu ɗan Indiya ya buga bango. Dakta kuwa ya dawo kicin ya zame ya zauna a ƙasa, ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ban iya rarrashin babban mutum ba, ban taɓa koya ba. Na duba agogo, shida ta wuce, mutum tara na jiran tuwo. Na tura masa tire da wuƙa da albasa biyar, na ce ya yanka sirara, na kunna wuta.